Garin Tuwo da Mas'alar Tawakkali

Akwai tambayar da dattawan ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum kan yi idan likita ya gaya wa mai ciwon sukari ya rage tuwon shinkafa da na masara, wato ko wanda ya sauya garin tuwonsa don tsoron cuta bai raunana tawakkalinsa ba, alhali ajali rubutacce ne, abinci kuwa ni'ima ce da ba a rainawa.

A ganina, sauyin nan riƙo da sababi ne, wanda shari'a ta yi umarni da shi, domin jiki amana ne, kuma Malam Abdullahi na Gwandu ya haɗa maslahar addini da ta jiki cikin littafi guda, Masalihul Insan. Mutanen ƙauyen Tungar Daji sun fi kowa sanin wannan, tun shekarar 2010 da ƙurar dalma, daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje, ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan yankin, Allah ya jiƙansu. Babu mai hankalin da zai ce fitar da niƙan nan daga gari jayayya ce da ƙaddara.

To, hatsi ma yana da nasa hukuncin a jiki. Tun 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya auna yadda abinci iri-iri ke ɗaga sukarin jini, kuma abin da aka fahimta daga baya shi ne, ƙwayar da aka surfe ta sarai, aka zubar da dusarta, aka niƙe ta luƙui, tana narkewa da gaggawa, wadda kuwa aka bar mata dusa ko aka haɗa ta da wake tana tafiya sannu. Saboda haka ne wasu matan Indiya, inda cutar ta yi yawa ƙwarai, suke cuɗa garin alkama da na dawa da gero da tamba, hatsin da galibinsa ke cikin rumbunanmu.

Sai dai kada a ɗauki dawa a matsayin magani, domin malmala uku ta tuwon dawa za ta yi ɓarnar da ake gudu, kuma ba ta ɗauke wa mutum awon jini da shan maganin asibiti. Nauyin sauyin kuma kan uwargida yake faɗawa, ita da za ta ɗora tukunya biyu da itace ɗaya, don haka adalci shi ne maigida ya yarda gidan duka su ci irin tuwon majinyacin, a yawaita miyar kuka da zogale.