Tafin Hannu Guda na Dawa

Ga wata tambaya da ta kamata kowane mai bi ya yi wa kansa: idan na cuci mutum da abu kaɗan, shi kuwa bai sani ba, na yi zunubi ne?

Mu ɗauki misalin mudu. Mai awo ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki, kowane awo sai ya rage tafin hannu guda na dawa. Mai saye kuma, idan aka bar masa awon, yakan kewaye bakin mudu da hannu domin tozon ya ƙaru. Dukansu biyu za su ce, "Ai kaɗan ne, kowa ma haka ya ke yi."

Kaɗan ne a wurin wa? Mai rumbu cike ba zai ji ba. Amma gwauruwa wadda ta ke sayen mudu ɗaya cikin watan Agusta, sa'anda tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, tafin hannun nan kunun yaronta ne. Wanda aka cuta shi ya san nauyin cutar.

Rashin saninta kuma bai wanke mai awo ba. Ta miƙa kuɗinta domin ta amince da shi, watau ya ci hatsinta ya ci amanarta. Yawan masu yi kuwa ba ya mai da ƙarya gaskiya, sai dai ya ɓata kasuwa duka, har kowa ya zo da mudunsa domin ba ya yarda da na ɗan'uwansa.

Littafi Mai Tsarki bai raina wannan magana ba. Kubawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ajiye mudu iri biyu, babba da ƙarami, a gidansa. Annabi Amos, makiyayi daga Tekoa, cikin sura 8 ya tsauta wa 'yan kasuwan Isra'ila masu rage awo, waɗanda su ke ɗokin Asabar ta wuce su koma ciniki. Lura, mutanen nan masu kiyaye ranar sujada ne. Ashe mutum ya iya raira waƙa ran Lahadi, mudunsa kuwa ya ƙaryata shi ran kasuwa.

Akwai hasara kuma ga mai yin. Gara ba ta cinye rumbu a dare ɗaya. Wanda ya saba da rage tafin hannu, zuciyarsa takan daina damuwa, gobe zai ci kunya guda daga iyakar gonar maƙwabcinsa, jibi ya riƙe ladan ɗan ƙodago.

Me za mu yi? Zakka na Yariko, cikin Luka sura 19, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu. Tuba ta gaskiya tana tafe da biya. 'Yan'uwa, kowa ya juya mudunsa yau ya duba gindinsa. In ya lotsa a gyara shi, in akwai wanda mu ka rage wa a cika masa, gama maƙwabtanmu da ba su shiga majami'a, a bakin mudunmu su ke karanta bangaskiyarmu.