Idon Ɗan Zomo

A Yelwa, idon ɗan zomon ƙanwata ya yi fari, yana ta zubar ruwa. Likitan dabbobi yana zargin wata ƙwayar cuta ce da ya ɗauko tun yana ciki. Kawu ya ce, "Ku yanka shi. Mutane ma ba su samu magani ba, sai zomo?"

Maganarsa ta tsaya mini a rai, don akwai gaskiya a ciki. Sai dai Mectizan, da ake rabawa kyauta tun 1987 saboda makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke jawowa, asalinsa maganin tsutsar dabbobi ne. Da an raina ciwon dabba, mutum nawa ne za a riƙa ja wa sanda yau?

Kawu bai gamsu ba. Ita kuwa ta fasa asusunta.