WA KIKE BI, 'YAR'UWA? DARASI DAGA GARKEN TSUNTSAYE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ya ke 'yar'uwa Musulma, na san kin taɓa ganin garken jan-baki da kaka, dubbai suna murɗawa a sama tamkar hayaƙi, ba mai karo da wani. A Suratul Mulk, aya ta 19, Allah (SWT) Ya ja hankalinmu ga tashin tsuntsaye, domin mu gane Shi ke riƙe da su. To shin wa ke yi musu jagora?

Masana sun bincika. A 1995 wani masani ɗan ƙasar Hangari, Tamas Vicsek, da abokan aikinsa suka zuba ɗige-ɗige masu tafiya a kwamfuta, suka ba kowanne doka ɗaya tak: ka fuskanci inda maƙwabtanka suka fuskanta. Da ɗigon suka yi yawa, kuskuren kowanne ya ragu, sai duk suka miƙi hanya ɗaya ba tare da shugaba ba. A 2008 kuma masana a birnin Rum na Italiya suka gano cewa a garken tsuntsayen can kowanne yana lura ne da shida ko bakwai mafi kusa da shi. Idan kaɗan suka karkata, nan take garke ya juya.

Amma fa bin na kusa ba kullum yake kai wa tudun mun tsira ba. A 1921 William Beebe ya ba da labarin wata irin kwarkwasa da ya gani a dajin Guyana. Sun ɓace hanya, kowace tana bin ƙamshin ta gabanta, suka yi ta zagaye wuri ɗaya har da yawansu suka mutu don gajiya.

'Yar'uwa, ba haka muke yi a harkar biki ba? Wance ta yi anko kala uku, ke ma sai kin yi. An ci bashi, an kwashe kuɗin adashi, an sa maigida a gaba, ga kuɗin makarantar yara ba a biya ba. Ki tambayi wadda ta fara, ba ta. Kowa ta gabanta take bi.

Ɗawafi ma zagaye ne, amma yana da cibiya, wato Ka'aba, yana da niyya, kuma a na bakwai an gama. Bambancin ke nan.

Don haka yau ki zauna ki ƙirga mata bakwai da kika fi sauraro, a gida ko a waya. Suna tuna miki Allah, ko gasa suke tuna miki? Kuma ki sani ke ma kina cikin bakwai ɗin wata, musamman 'yarki. Idan kika juya zuwa ga sunna, ba ke kaɗai za ki juya ba.

Allah Ya haɗa mu da ƙawaye nagari, Ya sa mu dace, amin.