Zambo Marar Ubangida

A ranar 7 ga watan Yuni na 1977, ana tsakiyar bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gadon sarautar Ingila, wani jirgin ruwa ya bi kogin Thames ya ratsa ta gaban ginin majalisar dokoki a Landan. A cikinsa akwai samari huɗu na ƙungiyar Sex Pistols, suna dukan jita da ganguna kamar masu neman fasa su, mawaƙinsu Johnny Rotten yana ƙaraji. Sabuwar waƙarsu sun ara mata sunan taken ƙasar, wato God Save the Queen, amma abin da ke cikinta tsiya ce tsagwaronta ga gidan sarauta da ƙasar da suke ganin ta toshe wa matasanta hanya. 'Yan sanda suka tilasta wa jirgin komawa gaɓa, suka kama mutane da dama, har da manajan ƙungiyar, Malcolm McLaren. BBC ta riga ta haramta sa waƙar a tashoshinta, amma hakan bai hana ta hawa mataki na biyu a jerin faya-fayan da aka fi saye ba.

Wannan shi ne kiɗan da Turawa ke kira punk, ni kuwa kiɗan bore nake ce masa. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu sauri da hayaniya, ba ruwansu da gwaninta. Ya yi ƙarfi a Ingila a lokacin da marasa aikin yi suka haura miliyan ɗaya, gwamnati kuma ta kai ga neman bashi daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976. Mu da muka tashi muna jin makaɗan fada mun san zambo, amma zambon da muka sani yana da ubangida: makaɗi yana muzanta ɗan sarki mai hanƙoron sarauta ne domin ya ɗaukaka sarkin da ke ciyar da shi. Waɗannan samari sun yi zambo ba tare da wani da suke wa bara ba. To, zambon da ba shi da ubangida, wa zai ɗauki nauyinsa in ya fita daga bakin mai shi? Ina ganin nauyin kan mai sauraro yake faɗawa, kuma yawancinmu ba ma son ɗauka.

Ran da na fara jin irin wannan kiɗa ban fahimci ko kalma ɗaya ba, domin Turancin unguwannin talakawan Landan daban yake da wanda aka koya mana a aji. Duk da haka jikina ya amsa, zuciyata ta tafasa, na ji kamar in tashi in ture wani abu. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin shaidar ƙarfin kiɗan. Daga baya ne abin ya fara damuna. In har fushi zai iya shiga jinina kafin ma'ana ta iso kunnena, ashe ana iya juya fushin nan ya fuskanci kowace alƙibla.

Haka kuwa aka yi. Ƙungiyar Sham 69 tana waƙa ne a kan haɗin kan 'ya'yan talakawa, amma wuraren wasanta suka cika da samari masu aske kai ƙwal, magoya bayan jam'iyyar National Front mai ƙin baƙaƙe da 'yan Asiya. Mawaƙinta Jimmy Pursey ya fito fili ya tsaya tare da masu yaƙi da wariyar launin fata, amma faɗace-faɗace ba su daina tashi a gabansa ba, har abin ya gagari ƙungiyar. Waɗannan samari ba kurame ba ne. Sun ji zafin da ke cikin kiɗan, zafin kuma nasu ne na gaskiya, domin su ma ba su da aiki; sai dai sun ɗora laifin a kan maƙwabcinsu ɗan Fakistan.

Akwai kuma wani mai sauraron da ya fi waɗannan ɗaure mini kai, domin shi bai daki kowa ba. A 1979 ƙungiyar The Jam ta fitar da waƙar The Eton Rifles. Paul Weller ya rubuta ta ne bayan ya ji labarin wasu masu zanga-zangar neman aiki da suka bi ta kusa da makarantar Eton, inda manyan Ingila ke kai 'ya'yansu, ɗaliban suka yi musu ihu da ba'a. A 2008 David Cameron, wanda ɗalibin Eton ne a zamanin da waƙar ta fito, kuma shugaban jam'iyyar 'yan mazan jiya da zai zama firaminista a 2010, ya bayyana cewa tana cikin waƙoƙin da yake so. Weller ya fusata, yana mamakin ko mutumin ya ma gane abin da waƙar ke cewa.

Ni ina zaton ya gane sarai, kuma a nan matsalar take. Da rashin fahimta ne, da sai a yi masa bayani a wuce wurin. Mutum yana iya sanin cewa da shi ake, ya kuma gyaɗa kai yana bin kiɗan, domin ya tabbata waƙar ba za ta rage masa komai ba. Mai ƙoshi yana iya jin daɗin kukan mai yunwa in an rera shi da amo mai kyau. Sai dai kafin in yi saurin jifan Cameron, dole in tambayi kaina da me na fi shi. Ina sa na'urar ji a kunne cikin ɗakina, in sha fushin wasu na minti uku, in ji na zama mutumin kirki mai ƙin zalunci, sannan in cire in ci gaba da harkokina yadda na bar su. Har ina tsoron kada waƙar ta zama tana sauke mini nauyi ne: fushin da ya kamata ya kai ni ga wani aiki, sai ya ƙare a kaɗa ƙafa.

Za a iya ce mini na matsa wa waƙa da yawa, kiɗa ai kiɗa ne, ba a tambayar mai jin kalangu abin da ya yi wa al'umma bayan an tashi daga biki. Na yarda da wannan a kan kiɗa da yawa, amma kiɗan bore shi ya jawo wa kansa wannan awo. A farkon 1977 wata 'yar ƙaramar mujalla ta masoyansa mai suna Sideburns ta zana yadda ake ɗora yatsu a kan jita iri uku kacal, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa tasa ƙungiyar. Ma'anar ita ce babu katanga tsakanin dandamali da 'yan kallo, wanda ya ji kira ya tashi ya yi wani abu da hannunsa. Kuma akwai waɗanda suka tashi. A ranar 30 ga Afrilu na 1978 dubun-dubatar mutane suka yi tattaki daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park a gabashin Landan, inda The Clash suka yi wasa a dandamali ɗaya da Steel Pulse, baƙaƙen makaɗan rege na Birmingham, a gangamin Rock Against Racism. Cikin taron akwai wani saurayi, Billy Bragg, wanda ya sha faɗin cewa ranar ce ta fara sa shi cikin gwagwarmayar siyasa. Ba zan ce kiɗa ne ya karya National Front a zaɓen 1979 ba, domin Margaret Thatcher ta janye ƙuri'un masu ƙin baƙi da yawa zuwa jam'iyyarta. Abin da na tabbata shi ne, wasu sun je kallo sun dawo da wani alkawari a wuyansu.

Abin da ya fi yi mini ɗaci shi ne, in aka auna da wanda ya ɗauki waƙa da muhimmanci, maƙiyanta sun sha gaban masoyanta da yawa. Jami'in BBC da ya haramta ta ya yi imani cewa kalmomi suna iya girgiza wani abu. Mutanen da suka tare Johnny Rotten a wajen wata mashaya a Landan cikin watan Yunin nan na 1977, suka yanke shi a hannu, aikinsu ta'asa ce da ba ta da uzuri, amma sun ji zambon a matsayin zambo. A Rasha ma, da matan Pussy Riot suka yi 'yar waƙarsu ta ƙin Putin a babban cocin Mosko a watan Fabrairu na 2012, kotu ta yanke wa uku daga cikinsu ɗaurin shekara biyu. Hukumar da ta ɗaure mawaƙi ta saurare shi da kunnen da ni ban taɓa ara masa ba.

Ingila kuwa ta samo dabarar da ta fi kurkuku. A 2015 bankin Virgin Money ya fitar da katunan cin bashi masu ɗauke da suna da zanen faya-fayan Sex Pistols. A 2022, da aka zo bikin cikar Sarauniya shekara 70 a kan mulki, an sake buga faifan God Save the Queen aka sayar, babu ɗan sandan da ya motsa. Na saurare shi a makon, sau biyu ko uku, ina wanke kwanuka, kuma ya yi mini daɗi ƙwarai.