SHIN TSARA SHEKARA DOGON BURI NE?

 

Duk sanda shekara ta zo ƙarshe, ta Hijira ko ta Miladiyya, za ka ga matasa sun cika shafukansu da alƙawura: shekara mai zuwa zan haddace izu goma, zan rubuta littafi, zan buɗe shago. A wajenmu kuwa akwai masu jin wannan su girgiza kai, su ce: malam, wane irin tsari kuma? Wanda zai tashi daga Ƙaura Namoda ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis sai ya nemi yafiyar iyalinsa kafin ya shiga mota. Manomin Zurmi yana shuka gero bai san ko shi zai girbe ba. Mutumin da ba ya da tabbacin kwana gidansa, ina shi ina lissafin wata 12? Wasu ma har su ƙara da cewa ai wannan shi ne dogon burin da malamai ke zargi.

Tambayar tana da nauyi, kuma ta cancanci amsa.

Dogon buri shi ne ka jingina aikin yau ga goben da ba a yi maka alƙawarinta ba: zan tuba in na tsufa, zan koma karatu in ƙasa ta zauna lafiya. Tsari kuwa shi ne ka dubi shekarar gaba ɗaya ka yanko rabon yau, ka yi shi yau ɗin. Ka ga ke nan mai cewa "sai an samu zaman lafiya" shi ne ya fi kusa da dogon buri, don ya ɗauka lallai zai kai ranar.

Malaman tafsiri sun kawo cewa Ƙuraishawa sun yi wa Manzon Allah (SAW) tambayoyi, ya ce zai amsa musu gobe bai ce in sha Allah ba, sai wahayi ya yi jinkiri. Da karantarwar ta sauka a Suratul Kahfi, ba a hana maganar gobe ba, an dai ce a rataya ta ga ganin damar Allah. Annabi Yusuf (AS) kuwa tsarin shekara 14 ya shimfiɗa wa Masar, bakwai na tarawa, bakwai na fari, kuma yana cikin kurkuku ya faɗe shi.

Mu dawo gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. A yaƙin Tsuntsuwa jama'arsa ta rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200, yunwa kuma ta matsa musu. Duk da haka a 1806, tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya kammala Bayanu Wujubil Hijra. Ɗansa Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, yana ɗauke da yaƙi da mulki. Da sun jira ƙura ta lafa, da yanzu me za mu karanta game da su?

To, me ya kamata ɗalibin ilimi na wannan yanki ya sa a gaba a shekara mai kamawa? Shawarata ita ce shafi ɗaya a mako. Shekarar Hijira kwana 354 ce, wajen mako 50. Wanda ya riƙe shafi ɗaya kowace Juma'a zai wayi gari da shafi 50 a hannu. Wanda ya ce zai rubuta mujalladi uku kuwa, yawanci kafin Safar ya ƙare ya manta inda ya ajiye biron. Hadisi ingantacce ya nuna aikin da aka dawwama a kai, ko kaɗan ne, shi ya fi soyuwa ga Allah.

Me za ka rubuta? Abin da zai ɓace in ba kai ba. Malamin zauren unguwarku: wa ya karantar da shi, waɗanne littattafai ya saukar? Tsohon da ya yi dakon gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, wadda layin dogo ya iso a 1929, me ya gani? Sannan abin da ya fi waɗannan gaggawa: ƙauyukan da aka watse. Mutanensu na zaune cikin Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, wasu a kangaye, wasu a gidajen 'yan uwa. Tsofaffin da suka san iyakar kowace gona suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Allah Ya kawo sauƙi aka koma, wa zai ce daga tsamiyar nan zuwa bakin rafi gonar marayun wane ce? Wallahi rigimar gado na jiran mu in ba a rubuta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ka zauna da dattijo, ka rubuta da boko ko da ajami, ka sa kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu.

Kuma ka rubuta a takarda fa. Ba mu manta da Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako. Wanda iliminsa duk yana Facebook, a lokacin hannunsa wayam.

Sharaɗi biyu. Na farko, kada ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba. "An ce" ta kashe mutane da yawa a ƙasar nan, kuma alƙalamin da ya ɗora laifin ɗan ta'adda a kan ƙabila sukutum zai amsa tambaya gobe ƙiyama. Na biyu, ka binciki niyya. In yabon masu sharhi kake nema, a nan za a biya ka, ka tashi ba ka da komai a can.

Wani zai ce: in na mutu a shafi na bakwai fa? Ka bar shafi bakwai da babu su da, kuma muna kyautata zato ga Allah kan ladan niyyar sauran. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda tashin ƙiyama ya riska da dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya samu iko. Wannan mutumin ya san ba zai ci 'ya'yan ba, amma aka ce ya dasa.

Ka sayi littafin rubutu, ka rubuta in sha Allah a saman shafin farko, ka nemi dattijon da za ka fara da shi kafin Juma'ar nan.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya sa albarka a kwanakinmu. Wassalamu alaikum.