Ƙwayar "Sha Ka Fashe" da Ƙibar Amare: Magana ga Iyaye da Masu Kemis

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, akwai abin da ya zama ruwan dare a gidajenmu, a nan Wudil da ƙauyukanta har cikin birni. Da an sa ranar yarinya, sai a fara ba ta ƙwayar ƙiba, wai kada dangin ango su ce an kai musu tsinke. Ana ce mata "sha ka fashe". Sau da yawa abin da ke cikin haɗin nan shi ne deksametason, wanda a kemis ake cewa deksa, wani lokaci tare da maganin buɗe ciki. Kafin hukunci, bari mu fara sanin abin, domin malamanmu na usulu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci kan abin da ba a fahimta ba.

A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wata 'yar tsoka kamar hula, nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ita ke fitar da wani sinadari na homon mai suna kotisol, wanda yake riƙe da ƙarfin bugun jini, yake daidaita suga, yake tallafa wa jiki lokacin zazzaɓi ko rauni ko haihuwa. Kuma ba ta fitar da shi kara zube. Akwai wata tsoka kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa da take ba ta umarni. Kotisol yana hawa da asuba zuwa hantsi, ya yi ƙasa da tsakar dare. Subhanallah! Kana barci ana auna maka shi, ba ka biya ko sisi ba.

Deksa kwaikwayon wannan sinadari ne da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje, amma ya ninka shi ƙarfi kusan sau 25. Magani ne na gaske, kada wani ya ce malam ya haramta magani. A 1950 aka ba wasu masana 3 lambar Nobel kan binciken wannan dangi na sinadarai, kuma a watan Yunin 2020 binciken da aka yi a Ingila ya nuna deksa ya rage mutuwa da kusan kashi 1 cikin 3 ga masu korona da ke kan na'urar numfashi. Ni'ima ce a hannun likita.

To amma me yake yi wa yarinya mai lafiya da take sha kullum? Fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da doron wuya, ruwa ya tsaya a jiki, hannuwa da cinyoyi kuwa suna ramewa saboda tsoka na narkewa. Nankarwa ta fito, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, jinin al'ada ya rikice, hawan jini da ciwon suga su shigo wa 'yar shekara 18. Ku da kuke zuwa kara ranar Juma'a, wa a cikinku zai sayi sa bai taɓa shi ya bambance kiwo da kumburi ba? Ba ina kwatanta 'ya'yanmu da dabba ba ne, Allah ya tsare. Kunya ce dai a ce mun fi kula da abin da za mu yanka.

Hukuncin a fili yake. Kiyaye rai da kiyaye zuri'a suna cikin manyan abubuwa 5 da Shari'a ta zo ta tsare. Cutar da kai ba tare da lalura ba haramun ne, kuma jikin yarinya amana ce a hannun iyayenta. Mai kemis da ya san abin da za a yi da ƙwayar ya miƙa ba takardar likita, yana da kamasho. Mai gyaran amare da take dakawa ta zuba a tsimi ko gumba ba ta faɗa ba, ta haɗa cutarwa da algus. Mu maza ma ba mu fita ba. Wanda yake wa matarsa gori kan rama, da dangin miji masu habaici ranar kai amarya, su ne suka buɗe kasuwar nan.

Yanzu ga wurin da nake roƙon ku karanta da kyau, domin a nan rai zai iya salwanta. Hajiya, idan kin ji wannan magana tsoron Allah ya kama ki, kada ki watsar da ƙwayar yau-yau in yarinyar ta wuce mako 3 tana sha. Dalili kuwa, da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya cika jini, sai ta daina ba da umarni, 'yar tsokar nan ta kan ƙoda ta kwanta barci, kuma farkawarta kan ɗauki watanni. In aka yanke lokaci guda, jiki ya rasa na waje ya rasa na ciki: amai, jiri, kasala, jini ya faɗi ƙasa, har suma ko mutuwa. Sai mu ce aljanu ne, ko maita. Tuba a nan ita ce ki ɗauki yarinyar da kwalin maganin ku je babban asibiti, ki faɗi gaskiyar yadda take sha. Likita zai auna jini da suga, ya rage mata a hankali, in da buƙata ya tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a auna kotisol. Da sassafe ake ɗiban jinin, wajen ƙarfe 8, saboda hawa da saukar da na faɗa. Masu shafa man bilicin na haɗi su ma su tambaya, domin wasu mayukan suna ɗauke da dangin wannan sinadari, kuma fata tana tsotse shi.

Yarinyar da take ci tana ramewa kuma, a bincika dalili. Zai iya zama tarin fuka, ko suga, ko tsokar maƙoƙo ta wuya ce take aiki fiye da kima, musamman in akwai faɗuwar gaba da gumi da rawar hannu. Gwaji ke rabe su. In an auna ba komai, to halittarta ce haka, a faɗa wa dangin ango tun kafin a kawo lefe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wallahu a'alam.