Mai Barin Riba Don Koyon Aiki, Ya Fara Yin Lissafi

 

'Yan'uwa, akwai tambayar da ta yawaita a bakin matasanmu na Agege da Mile 12 da Idi-Araba. Yaro ya koyi kwamfuta, wani ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023, wani da guminsa ya biya ya zana jarrabawar CCNA. Yanzu yana riƙe da POS, ko yana sayar da waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, kuma alhamdu lillahi yana samu. Sai kamfani ya kira shi aikin farko: jan wayar intanet, da duba kwamfutar ma'aikata in ta ƙi tashi. Albashin bai kai rabin abin da yake samu ba. Su kuma kamfanonin nan ba su ba mutum babban aiki da takarda kawai, sai sun ga ya taɓa yin ƙarami. To, ya karɓa ko ya bari?

Shari'a ba ta hana mutum ya zaɓi ƙaramin lada ba. Amma ku duba yadda Annabi Musa (AS) ya shiga aiki a Madyana, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas. An faɗi wa'adi tun farko, shekara takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne, kuma an faɗi abin da zai samu. Daga irin wannan ne malamanmu suka sharɗanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne, aikin ko lokacinsa ma haka.

To kai ɗan'uwa, in ka bar kuɗi don ƙwarewa, ƙwarewar nan ta zama wani ɓangare na ladanka. Kada ka karɓe ta a dunƙule. Tambayi wa zai koya maka. Za a bari ka taɓa na'urorin da gaske, ko ɗaukar kwali da sayo wa oga abinci za ka yi ta yi? Bayan wata nawa za a sake duba albashin? In ka tashi tafiya, za su ba ka takardar shaidar aiki? A rubuta, a sa hannu. Ba rashin kunya ba ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka. Muna ganin yaran da ake kira "masu koyo" shekara biyu cur, kullum ana ce musu su ƙara haƙuri. Wannan ba koyo ba ne, cin gumi ne.

Sai maganar da ta fi nauyi: kuɗin da za ka bari, naka ne kai kaɗai? Saurayin da ke kwana a shago da abokansa daban, magidanci mai 'ya'ya uku da tsohuwa tana jiran ƙarshen wata a Funtuwa daban. Hadisi ya zo a Abu Dawud yana nuna cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Ɗauki biro. Cire kuɗin mota daga Agege zuwa Ikoyi da dawowa, kun san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Cire rabon hayar gida, wadda a Legas ta shekara ake biya gaba ɗaya. In abin da ya rage bai ɗora tukunya ba, kada ka ce tawakkali kake yi. Ka yi istihara, ka kuma zauna da maiɗakinka, don ciyarwa haƙƙinta ne. In ta yarda da ƙunci na ɗan lokaci da daɗin rai, madalla. In kunya ce ta sa ta yi shiru, ka sani.

Giɓin kuma kada a cike shi da bashin manhajojin waya. Riba ce, kuma ranar da ka makara duk wanda ke cikin wayarka sai ya ji. Gara ka jinkirta ka tara na wata shida, ko ka bar POS ɗin a hannun ƙanenka ku riƙa raba abin da aka samu. Kamfanin caca kuwa, ko me zai koya maka, bar shi. Kuma ka yi maganar sallar Juma'a kafin ka sa hannu, ba bayan ka fara ba.

Iyaye, ku ma ku sassauta. Kada yaro ya zo da shawara a ce masa ya haukace zai bar kuɗi. Waɗanda suke nan lokacin da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 sun ga yadda samun yau da kullum ke tsayawa dare ɗaya. Alhazanmu na kasuwa, wanda Allah Ya hore wa ya ɗauki kuɗin motar yaro ɗaya na wata shida, ko kyauta ko bashi marar ruwa. Mai niyya ya ga na'ibi bayan La'asar.